Fitsarin Kaka Ya Tafi Yamai

Garin Laminu, kusa da Hawandawaki
Farkon Maris, 1985

Zuwa ga Gwaggo Zara'u, ɗakin awo na babban asibiti, Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ni ne Mati, jikan Kaka Hajjo. Ki yi haƙuri da rubutuna, aji uku na yi a lakwal aka mai da ni gona. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara. Baba Bawa da matarsa Maimuna suna gaishe ki. Abinci alhamdu lillahi, ana taɓawa.

Ga butali na biyu na fitsarin Kaka nan na ba Gazali mai kamyo, babbar motar kayan nan, a Tasawa. Wata uku ke nan da na farko, yadda kika ce za a riƙa yi don a gane ko ƙwayoyin da lokotoron Maradi ya ba ta suna tsai da zubewar ƙashinta. Ban taɓa tsallake mata rana ba. Na bi abin da kika koya mini: na farkon safiya a zubar, daga nan duk wanda ta yi har wata safiyar ya shiga bido, jarkar nan da kika ba ni. Na auna, lita guda da ɗan kai. Na girgiza, na cika butali, na naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan nan mai ƙuna da kika zuba a gindin bidon ina kiyaye yara da shi.

Aikin ni ya faɗo wa, kin san dalili. Ɗa ba ya ɗaukar kaskon uwa tasa, Maimuna kuma suruka ce, Kaka ta ce gara ta mutu. Ni ko jika ne, ba kunya tsakaninmu. Da ta gan ni sai ta ce, "Angon banza, wasu na kai wa amarensu turare, kai kana bi na da bido." Na ce, "Amaryar da ta tanƙware kamar lauje, wane turare kuma?" Ta jefe ni da mafici. Ta kuma tambaye ni ko gaskiya ne ƙarfen awon naku na ganin duk abin da ke cikin mutum. Na ce haka nake ji.

Danda, ɗan ƙanwarta, ya gangaro daga Isawan da sauran shanunsa, yana so ya tsallaka Najeriya, ya tarar iyaka a rufe. Ya sauka bayan gari.

Kaka ta ce a ce miki goyon da ta yi miki bai faɗi ƙasa ba.

Ɗanki, Mati.

*

Yamai, ƙarshen Maris

Ɗana Mati,

Na samu saƙonka, ina gaishe ku duka, Inna Hajjo kafin kowa. Mu ma lafiya. Ka karanta wannan kai kaɗai tukuna, sannan ka karanta wa Yaya Bawa.

Rezilta, wato sakamakon awon, bai yi kyau ba. Bari in sake yi maka bayani. Ƙashi ba dutse ba ne, akwai wani danƙo da ke riƙe da shi. In ƙashi na narkewa, ɓurɓushin danƙon na fita cikin fitsari, shi nake aunawa. A butali na farko ya yi yawa, amma ba na tashin hankali ba, irin na tsohuwar da ƙashinta ya yi rauni ne. Da magani ya kamata ya sauka. Mati, ya ninka ya wuce. Sau biyu na auna da hannuna, don na ɗauka ni na yi kuskure.

Na kai wa lokotoro. Ya ce tsufa kaɗai ba ya cin ƙashi da wannan sauri, yana tsoron akwai wani ciwo a ɓoye da ke ci daga ciki. Ba a gane shi sai da hoto da awon jini, kuma sai nan Yamai.

Na roƙi alfarma. Akwai landiroba ta wani aikin rijiyoyi da za ta Damagaram ta dawo wayam, sunan direban Garba. Zai ratso ta wurinku a tsakiyar Afrilu. Da ƙyar aka samu esansi, man motar, da takardar wucewa, ka san yadda shingayen hanya suke yanzu. In ta wuce ban san yaushe zan sami wata ba. Ku shirya ta.

Ka gaya mini gaskiya: tana haɗiye ƙwayoyin ko tana ɓoyewa a kunci? Wani ya taɓa bidon? Inna ce ta goye ni da uwata ta rasu. Ba zan zauna ina kallon lamba tana hawa ba.

Gwaggonka, Zara'u.

*

Garin Laminu, farkon Afrilu

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, ta kuma tayar da gida. Baba Bawa ya ce abin da Zara'u ta ce shi za a yi. Kaka ta juya wa bango fuska, ta ce ba inda za ta.

Ƙwayoyi tana haɗiyewa, sai na ga harshenta nake tashi. Bido ba wanda ya taɓa.

Gwaggo, ban isa in yi gardama da ƙarfenku ba, amma ga abin da idona ke gani. Lokacin girbi, in za ta tashi sai na sa hannu a hammatarta, tana cije leɓe. Yanzu gado take dafawa ta miƙe da kanta. Da, ko tari ta yi sai ta riƙe baya. Jiya ta taka har gidan maƙwabta barkar haihuwa, ta dawo tana ce da jaririn mummuna. Wannan ne mutumin da ake ci daga ciki?

Kuma ki tuna zuwa Maradi. Amalanken da ya kai mu bakin godoro, titin kwalta, kaɗai ya karya mata haƙarƙari biyu, ni na riƙe ta tana numfashi kamar tsuntsu. Yamai ta ninka Maradi sau nawa?

Akwai abin da ban so rubutawa ba, Kaka ta hana, amma zan faɗa don ki san ba rama ba ce ta ɓata awon. Da na ce miki ana taɓa abinci, na rufa asirin gida ne. Rumbu ya ƙare tun sanyi. Rabon taimako da aka yi a Hawandawaki tiya biyu na hatsi muka samu. Shanun Danda suna ta faɗuwa, wadda aka riska da rai a yanka, naman ba auki, amma akwai fata da ƙafafu. Maimuna ke babbake fatar, ta jiƙa, ta dafa da kanwa har ta yi laushi. Gandar nan ita ce tuwonmu yau wata biyu.

To da lokacin awo ya matso, Kaka ta kira Maimuna ta ce, "Ƙarfen nan an ce ba ya ɓoye komi. Zara'u ba za ta buɗe butali a gaban mutanen birni a karanta mata cewa gidan Laminu da yunwa ake kwana ba. Ki cika mini ƙwarya." Kwana uku kafin bido da ranar bidon, kowa ya rage nasa aka tara mata. Ganda safe da yamma, romon ƙafa mai kauri wanda in ya huce sai a yanka da wuƙa. Maimuna ma ta ce ai ƙashi shi ne maganin ƙashi. Kin ga ke nan da ƙarfinta ta yi awon, ba da yunwa ba.

Ina roƙonki a sake awo kafin a ɗora ta a mota. Ki aiko amsa ta hannun Garba ko kafin shi. Kada Kaka ta ji na faɗa miki zancen ganda.

Na ba yaron Gazali wannan.

Mati.

*

Garin Laminu, tsakiyar Afrilu

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Ban ji daga gare ki ba. Kullum kasuwar Tasawa sai na aika a duba, shiru. Kaka tana nan da rai da lafiyarta. Na fara da wannan don abin da zai biyo baya ba daɗi.

Garba ya zo shekaranjiya da hantsi. Mutumin kirki ne, har katifa ya shimfiɗa a bayan mota. Na tambaye shi ko kin ba shi takarda, ya ce a'a, cewa kawai kika yi ya ɗauko tsohuwa. Ya ce ba zai wuce azahar ba, don takardar wucewarsa ta kusa cika.

Baba Bawa ya kira maza biyu su ɗauke ta a kan ƙyaure. Kaka ta rungume ƙafar gado, ba ta kuka, tana dai cewa, "Bawa, ni na haife ka. Bawa, ni na haife ka."

Ni na zaga bayan motar in gyara katifa. Sai na ga tukwanen Mirya guda uku da Garba ya sayo wa matarsa, an naɗe su da ciyawa da buhu, an ɗaure tam. Na ƙwanƙwasa. Ɗaya ce kaɗai ta amsa, biyun sun tsage tun daga baki har gindi. Na ce, "Malam Garba, a ina suka fashe?" Ya yi dariya ya ce, "Samari, wa ya sani? Hanyar ce duk haƙori."

Na kira Baba na nuna masa. Ya ce, "Uwata tukunya ce?" Na ce, "Baba, lokotoron Maradi ya ce ƙashinta ya fi tukunya saurin fashewa." Ya ce, "Kai da Zara'u wa ya yi karatu?" Na ce ita. Ya ce, "To matsa."

Gwaggo, ban taɓa mayar wa Baba magana ba tun da ubana ya rasu ya riƙe ni. Ranar ma ban mayar ba. Na je na zauna a bakin ƙofar ɗakin Kaka, na miƙe ƙafafu, na sunkuyar da kai. Ya ce in tashi, ban tashi ba. Ya mare ni, ban tashi ba. Mazan da ya kira suka ajiye ƙyauren, ɗaya ya ce shi ba zai tsallake mutum ya ɗauki tsohuwa tana kiran haihuwa ba. Garba ya yi ta duban rana. Da aka kira azahar ya naɗe katifarsa, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya tafi.

Baba ya ce a gaban mutane, "In ta mutu a ɗakin nan, kai ka kashe ta." Tun daga nan bai amsa gaisuwata ba.

Wataƙila gaskiyarsa. Ina kallonta tana barcin rana ina cewa, in ciwon nan na ciki gaskiya ne fa? Ni dai abin da na gani na bi. Don Allah ki ce wani abu.

Mati.

*

Yamai, ƙarshen Afrilu

Mati,

Ina gaida Inna.

Garba ya iso da katifa ba kowa a kai. Ya ce wani yaro ya zauna a ƙofa ya hana. Tun da na aika muku rezilta ko layi ɗaya ban samu daga gare ka ba, sai wannan. Ka san ofis nawa na shiga, mutum nawa na durƙusa wa kafin a ba ni motar nan? Na amince da kai don na ga kana da natsuwa. Ashe wasan jika da kaka ya fi maka ranta. Don ta ce ba ta so? Wane mara lafiya ne ke so?

Abin da ke cin ƙashi ba ya jiran ka gama tausayi. Ka ce wa Yaya Bawa ya nemi kowace mota. Ba ni da sauran magana da kai.

Zara'u.

*

Yamai, farkon Mayu

Ɗana Mati,

Gaisuwa, da neman gafara. In wadda na rubuta cikin fushi ta riga wannan isowa, ka yaga ta.

Takardunka biyu yau suka zo tare. Jandarmomi sun tsare kamyon Gazali a Dogon Dutsi kusan wata guda kan zancen esansin da ya ɗauko, ta farkon tana cikin aljihun yaronsa.

Mati, ganda! Na karanta na zauna a ƙasa. Danƙon da na ce maka yana riƙe ƙashi, shi ne dai wanda ke cikin fata da ƙafar sa, shi ke sa romo ya daskare. Wanda ya ci shi, washegari zai fito a fitsarinsa, kuma awona ba ya bambanta na saniya da na mutum. Mai yiwuwa shanun Danda na auna, ba Inna ba. A nan muna hana masu awo nama kwana uku. Ku ban hana ku ba, don da na tambaya tun farko an ce mini nama sai salla. Ban kawo a raina cewa fari zai sa ku koma cin fata ba. Laifina ne da ban sake tambaya ba.

Amma kada ka yi murna tukuna. Mai yiwuwa na ce. Gandar na iya zama ita ce duka, tana kuma iya zama ta hau kan wani abu. Sai an sake. Kwana uku da ranar bido, kada ta ɗanɗana fata, ƙafa, nama ko romo. Ga sabon butali, ga buhun shinkafa da wake na haɗo da shi, don na gane in an hana ta ganda ba abin da za ta ci. A yi kafin azumi ya kama.

Wata biyu kuna cin fata, kana rubuto mini alhamdu lillahi. Wannan ya fi lambar yi mini ciwo.

Gwaggonka, Zara'u.

*

Garin Laminu, tsakiyar Mayu

Gwaggo,

Gaisuwa da godiya, Allah ya saka. Takardunki biyu sun iso, mai zafin ta riga. Ban yaga ba, Baba ya riga ya sa an karanta masa.

Da Kaka ta ga buhu a tsakar gida ta dube ni, ba ta tambayi kowa ba. Ta ce, "Ka sayar da mu." Wuni guda ta ƙi cin shinkafar. Ta daina ce mini ango, sai "kai yaro". Na ce mata ba sadaka ba ce, lokotoro ne ya rubuta, kamar ƙwaya. Ta ce, "Wane lokotoro ne ke rubuta buhu?" Daga baya ta ci, amma sai da aka zuba wa yara tukuna ta ga sun ƙoshi.

Tsaron bakinta ya fi tsaron akuya a gona. Maimuna ta tausaya ta kawo mata ɗan romo a ɓoye ran na biyu, na ji ƙamshinsa tun daga zaure, na karɓe kafin ya kai baki. Duk da haka na sake ƙirga kwanakin daga farko, don ban yarda ba ta lasa ba.

Ga butali na uku. Wannan karon na ba wani malamin lakwal da zai tafi Yamai da motar fasinja, ya yi alkawari hannu da hannu.

Baba ya ce ya ba ni zuwa dawowar amsa. In lambar ba ta sauka ba, ya riga ya yi magana da mai kamyon da ke ɗaukar albasa, a kan buhuna za a kwantar da ita. Motar Garba mai katifa ni na kore ta. In ta kama a tafi, a kan albasa za ta tafi, saboda ni. Ina roƙonki ki auna da wuri.

Mati.

*

Garin Laminu, cikin azumi

Gwaggo Zara'u,

Gaisuwa, da barka da shan ruwa. Malamin ya dawo da takardarki jiya da la'asar. Maimuna ta yage mini bakin.

Na karanta a tsakar gida da ƙarfi, inda kika ce lambar ta sauka ƙasa da ta farko, lokotoro ya ce ba alamar wani ciwo a ɓoye, maganin na kamawa, a ci gaba da shi a sake awo bayan wata uku. Na karanta har inda kika ce ƙashin bai warke ba kuma ba zai koma na yarinya ba, a kiyaye ta da faɗuwa. Baba ya ce in maimaita wurin "ba sai an kawo ta ba". Na maimaita. Ya tashi ya fita, na ji yana aika yaro wurin mai albasa a ce an fasa. Da aka sha ruwa ya turo mini ƙwaryar kununsa. Bai yi magana ba har yanzu, amma na sha.

Danda ya koma Isawan da saniya biyu da suka rage. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, bai zuba ba tukuna. Mun ware wake kaɗan na iri daga naki.

Kaka ta sa na karanta mata a ɗaki ita kaɗai. Na yi mata bayanin shanun Danda. Ta ce, "Wato ƙarfen bai ga yunwar ba?" Na ce bai gani ba. Ta ce, "Bakinka ne ya gani." Na ce e. Ta ce, "Allah ya isa tsakanina da kai, angon tsiya." Kin ji an mai da ni ɗakina.

Ta ce in rubuta miki wannan yadda ta faɗa, kada in gyara: "Zara'u, na gode da shinkafa, gishiri ya yi kaɗan. Fitsari kuwa in kina so kullum sai a aiko miki, shi ba ya jin hanya. Amma ni kada a ƙara turo mini mota. Abin hawa ɗaya ya rage da zai fitar da ni daga ɗakin nan, a kafaɗa ake ɗaukarsa, kuma ba shi da taya."

Ɗanki, Mati.